Ranar da Muka Dafa Bakra

Shekara ashirin da shida ina soya kifi a gindin gadar kogin Amu, kuma a duk tsawon zaman nan ba waɗanda na raina kamar matan da ke zuwa neman bakra. Za ka ga mace da girmanta, haƙoran zinariya cike da baki, ta sauko daga mota ta waiga hagu ta waiga dama kamar wadda ta zo sayen kayan sata, sannan ta matso ta raɗa mini, “Sapargul, ki rufa mini asiri, matar ɗana ce shiru har yau.” Ni kuwa sai in ɗaga murya yadda direbobin da ke shan shayi za su ji, in ce bakra dai babu, amma ga tarwaɗa da zafinta, ta saya wa yarinyar ta ci ta ƙoshi, ta kuma daina tura ta gonar auduga tun asuba. Da yawansu ba su sake tsayawa a rumfata ba, ni ma ban yi kewar ko ɗaya ba.

Abin da ya sa nake musu haka, na san bakra tun ba shi da daraja. Lokacin da mahaifinmu ke aiki a jirgin dakon kaya, daga Termiz har inda kogi ke faɗawa teku ba inda ba a samunsa. Kifi ne da bai wuce tsawon hannu ba, kansa faffaɗa kamar shebur, bayansa duk ƙaya, idanunsa sai ka duba da kyau kafin ka gan su, ga wani siririn zare da ya zarce daga wutsiya kamar bindin ɓera. Saboda bindin nan tsofaffinmu ba sa cinsa. In ya faɗa koma sai a yi tsaki, a ɗaga shi da yatsa biyu a wurga ruwa, a wanke hannu. Na sha ganin an jefa wa kare, karen ma ya shinshina ya yi gaba.

Sai masu ilimi suka zo da takardunsu suka yayyanka kogin. Wannan ya ja magudana zuwa gonar auduga, wancan ma ya ja tasa, aka gina madatsa a sama, aka gina wata a ƙasa. Teku ya ja da baya ya bar jirage zaune a kan yashi, mu kuma aka bar mu da ruwan da a wasu shekarun jaki ke ƙetarewa bai jiƙa cikinsa ba. Shi kuwa bakra ruwa mai laka yake so, mai gudu, inda zai bi yashi yana laluben abinci da gashin bakinsa. Ya fara ɓacewa a can ƙasa wajen teku, sannan a wajen Nukus, ya yi ta ja da baya har ya zama sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba a gefenmu na Sariyap. To, a daidai lokacin da ya ƙare ɗin ne wani mai basira, Allah kaɗai Ya san ko wane ne, ya gano cewa ashe maganin haihuwa ne. Wai mace ta cinye guda ita kaɗai, da ƙwan cikinsa in an dace, kafin shekara ta zagayo an yi suna a gidan.

Duk wannan bakin da nake yi, ina yinsa ne kafin abin ya biyo ta kan ’yata.

Dilrabo ita kaɗai Allah Ya bar mini. Shekararta shida a gidan Jumanazar mai gyaran tarakta, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Jumanazar ba mugu ba ne, ban da abin da zan ɗora masa sai sanyi. Mutum ne da in ka tambaye shi ko shayinsa ya ji sukari sai ya dubi uwarsa tukuna. Uwar kuwa, Bekposha, ita ce mai gidan, ita ce mai unguwar, in da za a bar ta da ita za ta riƙa ba rana izinin fitowa. Bayan an gama girbin shinkafa sai ga ta a rumfata, da kot mai gashi a wuya da takalmi mai tsini, tana ɗage hanci saboda hayaƙi.

“Kuda,” in ji ta, da sunan da iyayen miji da na mata ke kiran juna, “na zo mu yi magana ta manya.”

“Manya ba sa zuwa rumfar kifi da irin wannan takalmin, kuda. Zauna kafin ki faɗa mini cikin mai.”

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma zauna ba.

“Shekara shida ke nan. An kai ta wurin likita, an kai ta kabarin waliyyi ta ɗaura ƙyalle, an turara ta har labulen ɗaki ya yi baƙi. Saura abu ɗaya. Yayanki masunci ne. In bakra ya samu kafin a gama shukar auduga, kelin ɗina, matar ɗana, tana nan a ɗakinta. In bai samu ba, mu dai mun fita hakkinta, sai ki gyara mata wurin kwana.”

“Shi ɗan naki an duba shi?”

“Ɗana lafiyarsa ƙalau. A danginmu maza har ’yan biyu suke haifa.”

Ludayin man yana hannuna, kuma wallahi na auna tsakanina da kot ɗin nan. Amma sai na tsinci kaina ina naɗe mata tarwaɗa a takarda ina cewa ta gaida gida. Washegari na tare Dilrabo a hanyar kanti na ce mata ta tattaro kayanta tun da mutuncinta, ɗakina ya ishe mu. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, ni fa ina son mijina.” Ban ga abin so a wurin ba, amma ba ni ke auren ba. Daga nan na zarce gidan yayana Matkarim.

Na same shi a tsakar gida yana ɗinkin koma, da taba a gefen baki. Matkarim bai taɓa kama ƙaramin kifi ba a labarinsa, duk wanda ya kuɓuce masa ya kai girman maraƙi. Tun kafin in buɗe baki ya san abin da ya kawo ni, don a Sariyap magana ba ta kwana.

“A’a! Yau kuma malama mai wa’azin tarwaɗa ce da kanta? Shigo, shigo. Ko kin zo ne ki ƙara mana karatu a kan jahilci?”

“Aga,” na ce, yadda muke kiran yaya namiji, “ka yi mini duk dariyar da za ka yi yanzu, ka gama, sannan ka tashi ka shiga ruwa.”

“Ruwa? Wane ruwan? Shekara huɗu rabon da in ɗora ido a kansa. Na ƙarshen ma wani mutumin Buhara ne ya zo har nan da ƙatuwar mota ya ɗauka, har yana sumbatar hannuna.”

“Matar tasa ta haihu?”

“Ni ungozoma ce? Kifi na sayar.”

Ya dai tashi, don Dilrabo a kan kafaɗarsa ta yi wayo. Duk sanyin shekarar nan, har lokacin da ƙanƙara ke yawo a kan kogi kamar faifai, kullum da hantsi yana can inda ruwa ya fi gudu, yana shimfiɗa igiya mai ƙugiyoyi a kan yashin ƙasa. Wata biyar ba abin da ya ciro sai tsumman buhu da mataccen reshe. Yatsunsa biyu suka farfashe, tari ya kama shi, bai fasa ba. Ni kuma, da na saba kallon kogin nan ba na ko ganinsa, na koma kullum ina tambayar direbobi ko ruwa ya ƙaru a sama.

Akwai wata Gauhar da ke zuwa garinmu duk bazara daga wata cibiyar bincike ta birni, da takalmin roba har gwiwa da kwalaben ɗibar ruwa. A rumfata take cin rana. Ita ce ta manna mini hoton bakra a jikin ginshiƙi, da rubutu a ƙasa wai a kiyaye shi, kamar dai kifin ko masu satarsa suna tsayawa karatu. Tana da wata taswira da take nuna wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ita. Jan layi ne a kan kogi mai nuna inda ake samun bakra, na zamanin kakanni dogo tun daga duwatsu har teku, na zamanin iyaye rabinsa, na yanzu kuwa ɗan guntu a can tsakanin Kerki da Charju, sai wasu ɗigo biyu uku a wajenmu da ta ce ita ma ba ta da tabbas a kansu. Ta ce akwai ɗan’uwansa a kogin Sir, wanda rabon da a gan shi tun ba a haife ta ba. A wurin aikinsu tana da bakra maza biyu a cikin tanki, shekara uku tana ciyar da su tsutsa tana jiran mace. Nakan ce mata ai gara ta yi musu aure da tarwaɗa kowa ya huta. Duk da haka ina sonta, don ita kaɗai ce ke taya ni zagin masu neman maganin.

Ranar wata Laraba da safe, itatuwan lambu sun yi fure, taraktoci sun fara shiga gonaki, wayata ta yi ƙara. Matkarim ne.

“Rufe rumfar nan ki zo da babban baho. Kar ki tsaya surutu da kowa.”

Da na isa bakin kogi, ga bakrar nan tana kwance a cikin kwale-kwalensa, a ɗan ruwan laka da ya zuba mata, tana buɗe kunnuwa a hankali. Ƙugiyar a gefen wutsiya ta kama ta, ko jini ba ta yi sosai ba. Rabon da in ga bakra da rai tun ina budurwa, kuma gaskiya muninsa yana nan yadda na san shi. Matkarim ya juya ta da tafin hannu ya nuna mini cikin, ya ce in duba da kyau, mace ce, kuma a cike take. Ban gama dubawa ba sai na ji fatsal-fatsal a bayana. Gauhar ce a guje cikin takalmin robarta, don ashe tana can ƙasa kaɗan tana ɗibar ruwa, wani ya tsegunta mata. Ta durƙusa a cikin laka ta leƙa kwale-kwalen.

“Hola,” ta ce da ni, wato gwaggo, kamar yadda take kirana tun zuwanta na farko, “ki saurare ni don Allah. Ƙwanta ya nuna. Ki ba ni ita kwana goma kawai. Ba yanka ta zan yi ba, tatsar ƙwan zan yi, in dawo miki da ita da ranta ki yi yadda kika ga dama.”

“Ki kwashe ƙwan ki dawo mini da fanko? Ai ƙwan ne maganin.”

Da kunnena na ji bakina ya faɗi haka. Gauhar ta dube ni kamar na canja fuska.

“Hola, ke fa kika ce mini bara duk ƙarya ce.”

“Bara ba a ce za a koro mini ’ya ba.”

“A cikin nan akwai kifi ya fi dubu. Shekara tara ina bin kogin nan, ban taɓa riƙe mace mai ƙwai ba. Wataƙila daga ita babu wata a wannan yankin gaba ɗaya.”

“’Ya’yanki nawa?”

Ta ce, “Biyu.”

“To je ki nuna musu taswirarki.”

Ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi ja, ta ce doka ta hana, kuma yanzu za ta kira mai gadin kogi. Matkarim ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Kira shi, ’yar birni, ki ce ina gaishe shi. Ki tambaye shi abin da matar ƙaninsa ta ci shekara shida da suka wuce, da wanda ya kamo mata.”

Ba ta kira ba. Ta roƙi a bar ta ta auna tsawon kifin ta ɗauki hoto, na ce ta yi sauri. Tana aunawa hawaye na ɗiga a kan ma’aunin. Na ce a raina, dubi mace da digirinta tana yi wa kifi kuka, alhali ’yar mutum ce ake shirin kora. Amma ba zan ɓoye ba, na ji kunya, kunya mai nauyi, har na kasa haɗa ido da ita lokacin da muke juye kifin a baho.

Na kira Bekposha na ce an samu. Ban ji ta yi hamdala ba, umarni kawai ta shiga bayarwa.

“Kar ku sa a mota, kuda. Kar kuma ki rufe bahon. A ƙafa za ku zo, ta babban titi. Haka ake yi.”

Ban taɓa jin wannan ƙa’idar ba, amma maganin da aka ƙago jiya kullum da sabon sharaɗinsa. Na kama hannun baho ɗaya, Matkarim ya kama ɗaya, muka hau titi ruwa yana fallatsa mana a ƙafa. Muka wuce kanti, muka wuce makaranta, muka wuce rumfar shayi inda tsofaffi ke zaman kashe rana. Kowa ya fito. Maza na leƙa bahon suna jinjina wa Matkarim, shi kuma yana ta ƙara wa labarin gishiri, har ya kai ga cewa sai da ta ja kwale-kwalen zuwa tsakiyar kogi. Mata kuwa ba kifin suke kallo ba, ni suke kallo. Ina jin su sarai.

“Ashe dai daga wajen ’yar Sapargul ne.”

“Dama an faɗa. Allah sarki Jumanazar, yaro mai haƙuri.”

“Ita da take yi wa mutane dariya.”

Na haɗiye, na ce ba komai, in dai Dilrabo za ta zauna a ɗakinta su faɗi abin da ya fi haka. Ko da muka isa, takalman mata sun cika ƙofar babban ɗaki, sun fi ashirin. An baza shimfiɗar abinci, ga gurasa ga alewa ga butocin koren shayi, har da tsohuwar da ke yi wa mata karatu a wurin biki da makoki an ɗauko ta an jingina da matashi. Na yi mamakin yadda aka haɗa wannan taro cikin awa ɗaya. Jumanazar ban ga ko ƙeyarsa ba, aka ce yana gona. Matkarim aka ba shi shayi a waje aka sallame shi, don wai namiji ba ya kusantar tukunyar.

Ni aka ba wuƙa, tun da sana’ata ce. Bekposha ta biyo ni madafa ta tura ƙofa. Ruwa ya riga ya tafasa a tukunyar ƙarfe, ba gishiri ba albasa, shi ma wai haka ake yi. A rayuwata na feɗe kifin da ya fi gashin kaina yawa, amma ran nan sai da na buga mata ƙotar wuƙa sau biyu kafin ta daina motsi. Da na tsaga cikin sai ƙwan ya bayyana, toka-toka mai duhu, a matse tun daga wuya har ƙasa, yana sheƙi. Na kwashe shi da tafin hannu na zuba a kwano. Sai na nemi abin faɗa don in ji sanyi.

“To, Allah Ya sa a dace, kuda. In kuma bai yi aiki ba fa?”

“Ba zai yi ba.”

Ta faɗe shi kamar mai cewa gishiri ya ƙare. Na juyo da wuƙar a hannu.

“Me kika ce?”

“Na ce ba zai yi ba. Ko goma ta ci. Hangum ya kama Jumanazar yana aikin soja, ya sauka masa ƙasa. Tun a can likitan ya gaya wa ubansa, uban ya gaya mini kafin ya rasu.” Ta gyara ɗankwalinta. “Rage murya, akwai baƙi.”

“Kin san haka kika zo neman ’yata? Kin san haka kika ja ta kabarin waliyyi, kika turara ta kamar nama?”

“To me kike so in yi? In hau kan rufi in yi shela? Namiji ba ya ɗaukar wannan sunan, kuda, ke ma kin sani. Mace kuwa tana ɗauka, ba a kanta aka fara ba. Matar wansa tana da ciki na huɗu. In ta sauka, za a ba Jumanazar da ’yarki abin da aka samu su riƙe, ya zama nasu. Amma kafin nan sai gari ya gani da idonsa cewa ciwon na kelin ne, mun nema mata magani har wanda ba a samu, bai karɓe ta ba, muka haƙura muka riƙe ta don Allah. Yau an gani, tun daga bakin kogi har ƙofar gida. Saura ta ci a gaban matan nan. In ta ci, ba mai sake ɗaga mata murya a gidan nan muddin ina raye. In ba ta ci ba, ki tafi da ita yanzu.”

“Wata biyar aga yana cikin ƙanƙara. Yarinyar can ta birni ta durƙusa mini a laka. Kifin nan wataƙila daga shi babu wani, kika sa aka kashe shi don kallon unguwa?”

Ta dubi kwanon ƙwan, ta dubi hannuna.

“Ni na riƙe wuƙar?”

Na ajiye wuƙar. Ita da kanta ta ɗauki gunduwoyin ta jefa a tukunya, ta juye ƙwan a kai, ta rufe. Muka tsaya mu biyu muna jin tafasarsa, ƙarni ya cika madafar. Na tsane ta a lokacin nan yadda ban taɓa tsanar ɗan Adam ba, kuma na san da tawa gudummawar a cikin abin da ke dahuwa. Na yanke shawara ɗaya. Zan ɗauki kwanon da kaina, don in isa wurin Dilrabo kafin kowa.

An zaunar da ita a tsakiyar ɗaki, da farin mayafi a ka kamar sabuwar amarya, mata sun kewaye ta. Da na shigo da kwanon sai wasu suka shiga miƙa wuya don su gani. Na durƙusa a gabanta na ajiye, na yi kamar ina gyara mata mayafi, na kai bakina kunnenta.

“Kar ki ci. Tashi mu tafi gida. Ba ke ba ce, shi ne. Uwarsa ta faɗa mini da bakinta yanzun nan.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Na sani, Inna. Ni na raka shi Urganch aka sake dubawa, ni na karɓo takardar. Shekara huɗu ke nan.”

“Kin sani kika bar mu muna…”

“In ba ni ba ce, ai shi ne. Kin taɓa ganin namijin da ya zauna a garin nan da wannan sunan? Rasha zai tafi neman aiki, ba kuwa zai dawo ba.” Ta ɗan matsa hannuna a ƙarƙashin mayafin. “Miƙo mini cokali, ana kallonmu.”

Na miƙa mata.

Ta ci a hankali, ba gishiri ba komai, tana haɗiyewa da ƙyar. Sau ɗaya zuciyarta ta tashi, ta rufe baki da gefen mayafi, wata daga baya ta ce ta daure, maganin ne ke kama jiki. Ta cinye tsokar, ta tauna guringuntsin, ta kwashe ƙwan cokali bayan cokali, sannan ta ɗaga kwanon ta shanye romon, ta kife shi don kowa ya shaida. Matan suka sauke numfashi, aka shiga zuba shayi. Ta gefena wata tana gaya wa wata cewa irin su Bekposha sun yi ƙaranci, da wata ce da tuni ta sallami yarinyar.

Sai tsohuwa mai karatu ta buɗe tafin hannu. Ta roƙi Allah Ya warkar da mahaifar Dilrabo, Ya yaye mata wannan lalura da aka haife ta da ita, Ya saka wa surukarta da mijinta da suka rufa mata asiri. Ɗaki ya ɗauki amin. Bekposha tana tsaye a bakin ƙofa ta zuba mini ido, Dilrabo kuma ta taɓa gwiwata da yatsa ɗaya. Na ɗaga hannuwana, ƙarnin ƙwan bai ma fita ba, na ce amin tare da su.